Na je unguwar da aka haifi Hitchcock

Ranar Asabar ce, ana ɗan yayyafi irin na Landan wanda ba ya tsayawa kuma ba ya jiƙa mutum sosai, na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na Central zuwa Leytonstone a gabashin birnin. Tun ina yaro nake jin sunan Alfred Hitchcock, shahararren daraktan fim ɗan Ingila, a bakin masu son fim, to na ce wannan zuwan sai na taka inda aka haife shi a 1899.

Ina sauka tun ban fita daga tasha ba na tsaya cak. A bangon hanyar fita akwai hotuna 17 da aka haɗa da ƙananan tayil masu launi, wasu daga finafinansa, wasu daga rayuwarsa. Wanda ya fi riƙe ni shi ne nasa yana yaro a kan doki a ƙofar shagon babansa mai sayar da kayan miya. Na matsa kusa har na taɓa tayil ɗin da yatsa, sanyi ƙalau, mutane sai wucewa suke da jakunkunan cefane ko kallo ba sa yi.

Daga nan na bi High Road a ƙafa zuwa lamba 517. Shagon an rushe shi tuntuni, gidan mai ne yanzu a wurin, sai ɗan allo a bango da sunansa. Gaskiya raina ya sosu. A unguwar nan ne, kamar yadda shi da kansa yake ba da labari, babansa ya aike shi ofishin 'yan sanda da takarda yana wajen shekara 5, aka kulle shi na 'yan mintuna, kuma tsoron nan bai taɓa sakinsa ba, shi ya sa finafinansa cike suke da mutumin da bai ji ba bai gani ba amma ana farautarsa.

Abin da nake ta juyawa a zuciya ina tsaye gun shi ne misalinsa na bam. A ce a fim mutum biyu na hira a tebur, bam ya tashi, kun firgita na daƙiƙa 15 shikenan. Amma in an nuna maka bam ɗin a ƙarƙashin tebur tun farko, an nuna maka agogo, su kuma suna ta hirarsu ba su sani ba, wallahi minti 15 za ka yi zuciyarka na dukan uku-uku kana son ka yi musu ihu su tashi. Ni a wurina wannan ita ce gwanintarsa, ya ba mai kallo sanin da ɗan wasa ba shi da shi, sannan ya bar shi da jira.

Da la'asar na ƙarasa Poole Street kusa da Shoreditch, tsohon situdiyon da ya fara aiki yana zana rubutun da ake nunawa a allo cikin finafinai marasa magana, kafin ya koma Amurka a 1939. A nan ya yi fim ɗinsa marar magana The Lodger, inda ya sa aka yi rufin ɗaki da gilas don a ga ƙafar baƙon da ake zargi tana kai-komo a sama tunda ba za a ji takunsa ba. Yanzu gidajen zama ne, da ƙaton mutum-mutumin kansa a tsakar gida. Na leƙa ta ƙofa na daɗe ina kallonsa har aka kunna fitilun titi.