Daga Kano Zuwa Agege: Bin Sawun Ɗan Acaɓa da Ya Ɓata a Ikko

Aikin neman wanda ya ɓata a Legas daga gidansu yake farawa, tun kafin a sayi tikitin mota. Wanda aka ba ni cigiyarsa matashi ne ɗan cin rani, yana acaɓa a can Legas, kwatsam wayarsa ta daina shiga. Kafin in bar Kano na karɓi hotonsa na kwanan nan, na sa aka wanke kwafi da yawa, domin a tasha takarda ake miƙa wa mutane, ba a tsayawa leƙen waya. Na rubuta tabon da ke jikinsa, da laƙabin da abokai ke kiransa da shi, da lambobin waɗanda suka tafi tare. Kwalin wayarsa ma na ɗauka, saboda lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, mai alƙaluma 15 da ke jikinsa. Abin da ya fi komai amfani kuwa shi ne saƙon banki na kuɗin ƙarshe da ya turo wa mahaifiyarsa. Ta hannun mai POS ya turo, sunan shagon ya fito a saƙon.

Doguwar bas ta tashi da yamma. Zariya, Kaduna, sai jihar Neja inda ramuka da manyan motoci suka cinye mana dare, har Mokwa. Muka haye kogin Kwara a gadar Jebba, sai Ilori, Ogbomosho, Oyo, Ibadan. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 1,000, kuma ba a ɓata ta da barci. Direbobi da yaran mota sun san wanda ya sauka a ina, sun san masu karɓar saƙon 'yan kowane gari. Yaron motarmu ya dubi hoton ya ce bai san shi ba, amma 'yan ƙaramar hukumarsu Agege suke sauka.

Wannan ita ce gaɓar da dangi suka fi kuskurewa. Sukan ɗauka Legas gari guda ne da za a zaga ana nuna hoto. Bahaushe a Ikko ba ya zama shi kaɗai, wurin 'yan garinsu yake sauka, kuma sana'a ce ke raba unguwanni. Mai kayan gwari yana Mile 12, mahauci da mai harkar shanu suna mayankar Oko-Oba, masu tumaki da hatsi a wancan lokacin suna Alaba Rago, wasu kuma Idi-Araba ko Obalende. In ka san garin mutum da sana'arsa, ka rage birnin zuwa unguwa biyu ko uku.

A Agege fada na fara zuwa, wurin Sarkin Hausawa. Ba a tsallake wannan. Baƙon da ya shiga unguwa yana tambayar wani ba tare da an san shi ba, ɗan leƙen asiri za a ɗauke shi ko mai bin bashi, kowa ya kama bakinsa. Na gaida wani dattijo cikin fadawa, na ce: “Ranka ya daɗe, ɗa muke nema, uwarsa ce ta aiko ni.” Ya ce: “Malam, bari sai an idar da Isha'i, lokacin 'yan acaɓa sun dawo.” Aka yi cigiya a masallaci, aka haɗa ni da shugaban 'yan garinsu.

Da safe na shigar da rahoto a caji ofis na yankin, na karɓi shaidar an rubuta. Maganar sai an jira awa 24 kafin a kai rahoto ba ta da tushe. Kuma kada wani ya yaudari iyali da cewa zai bi diddigin waya a kwamfuta in an ba shi kuɗi. Kamfanin waya ba ya ba mutum irina bayanan kira, sai da buƙatar 'yan sanda ko umarnin kotu. Ni ba ni da ikon kama kowa ko tsare shi, tambaya da haɗa bayani ne iyakata.

Mai POS ɗin yana bakin titi kusa da tashar jirgin ƙasa. Ya tuna yaron, ya ce kullum can cikin Ikeja yake kai fasinja. Nan na gane inda za a duba. Tun ranar 1 ga Yuni, 2022 gwamnatin jihar ta haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Mainland da Lagos Island. Wanda aka kama, babur ya tafi, shi kuma kotun tafi-da-gidanka ce za ta yanke masa tara ko ɗauri.

Duk da haka sai da na bi asibitocin gwamnati, sashen hatsari tukuna, sannan ɗakin ajiye gawa. Aiki ne mara daɗi, amma jinkirta shi haɗari ne, don gawar da ba a zo nema ba ba a ajiye ta har abada. A nan ba suna ake tambaya ba, rana da wurin da aka ɗauko mutum ake bayarwa, sai tabon jiki. Babu shi.

Saura gidajen gyaran hali, wato Kirikiri, Ikoyi da Badagry. Rajistarsu ma da kwanan wata ake bin ta. Yaron da ba ya jin Turanci ko Yarbanci, sunan da magatakarda ya ji shi yake rubutawa, wani lokaci sunan gari ya zama sunan uba. Na tafi da lauya, muka nemi jerin waɗanda aka kawo a makon da wayar ta mutu, muka ware masu sunan Arewa. A ɗaya daga cikin gidajen muka same shi, da ransa da lafiyarsa. Tara aka yi masa bai iya biya ba, wayarsa ta salwanta ranar kamen, kuma bai haddace lambar kowa ba, ko ta mahaifiyarsa.

'Yan garinsu suka yi karo-karo, lauya ya biya tarar a kotu, aka kai takardar saki. Na koma caji ofis aka rufe rahoton, sannan na sa shi a motar Kano tare da wani ɗan unguwarsu mai komawa gida.