In An Soke Hawa, Kuɗin Wa Ke Komawa?

Mai kayan doki a Kano daga Sallah zuwa Sallah yake lissafin shekararsa. Tun watan Sha'aban ake fara sallama a shagonmu: wannan yana son sabuwar jalala, wato shimfiɗar ado ta sirdi, wancan sirdinsa ya tsufa, ga wakilin hakimi ya zo da maganar kayan da duk tawagarsu za ta sa iri ɗaya. Kafin azumi ya raba tsakiya mun daina karɓar sabon aiki. Sana'armu kashi biyu ce. Muna ɗinka kayan doki, muna kuma da barga a bayan gida inda muke ba da hayar doki da kayansa ga samarin da ke son shiga hawa ko angwayen da ke son kilisa. Na fara da wannan bayani ne domin duk rigimar mayar da kuɗi daga rashin bambanta biyun nan take tasowa.

Shekarun nan sun gwada mu. A 2020 annobar korona ta hana hawa. A Babbar Sallar 2024, saura 'yan kwanaki, 'yan sanda suka ba da sanarwar hana hawa a Kano saboda rikicin masarauta, aka kuma maimaita a Ƙaramar Sallar 2025. Abin da ya fi ba ni takaici, a tsakanin biyun nan, cikin Disambar 2024, UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan Sallar Kano a jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Duniya na yabo, dawakai na ɗaure a turke. Maganar sarauta ba tawa ba ce, ni baduku ne. Tawa ita ce wayar da ke fara ruri minti kaɗan bayan rediyo ta faɗi sanarwa, kowa da tambaya ɗaya: "Malam, yaya maganar kuɗina?"

Wanda ya biya kuɗin haya, amsarsa gajera ce: ya zo ya karɓi abinsa cif. Bai hau ba, ba kuma shi ya fasa ba. Wasu abokan sana'a suna cire wani abu su ce na harawa ne. Na san abin da suke ji, domin dokin hawa ba a ranar hawa ake shirya shi ba. Makonni ake yi ana ƙara masa gero da dusa, ana ba shi kanwa, ana wanka, ana gyara kofato, ana fita da shi da yamma yana sabawa da mutane. Dokin da bai taɓa jin kakaki da tambari ba, bai taɓa jin 'yan bindiga sun saki wuta a kusa da shi ba, in ka shigar da shi Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe sai ya kayar da mahayinsa ya tattake na ƙasa. Duk wannan wahala ce, gaskiya. Amma dokin nawa ne. Ƙibar da ya yi tana jikinsa, horon da ya samu bai bi mai haya gida ba. Don me zan ɗora wa yaro kuɗin abincin dabbata?

Ɗinki kuwa wata magana ce daban, kuma a nan ake kai ruwa rana.

Bari in faɗi abin da ke cikin sirdi guda, ko masu cewa "ai ba ka ba ni kayan ba tukuna" za su gane. Masassaƙi ne ke fara fitar da katakon, da kwacciyar gaba da ta baya. Ba na karɓar ɗanyen ice, sai wanda ya bushe sarai, domin ɗanye yana murɗewa bayan an gama aiki ya riƙa cin bayan doki. Sai a lulluɓe shi da ɗanyar fata a ɗinke, a bar ta ta bushe a kansa ta ƙame shi. Daga nan aikina ke farawa. Fatar akuya nake so, jar akuyar nan ta ƙasar Sakkwato, wadda majema suka jeme da bagaruwa ba tare da gaggawa ba. Ja daga karan dafi, rawaya daga gangamau, baƙi daga kuloko. In ka shinshina fatar da aka jeme da kyau za ka gane, in ka naɗe ta a hannu ba ta tsagewa. Zubkar da ke shiga ƙarƙashin sirdi kuwa sai na ga dokin da idona kafin in cusa ta, saboda bayan ingarma dabam, na kuru dabam. Akwai doki mai tudun kafaɗa, akwai mai shimfiɗaɗɗen baya. Sirdin da bai zauna ba, kafin a dawo daga Hawan Nassarawa ya yi wa doki miki.

Jalala ita ce mai cin rai. A kan karan-miski ko mulufi ake zana ta, a bi zanen da zare da hannu, ɗinki kusa da ɗinki, har yatsa ya yi kanta. Ga ɗan gaba, ga ɗan kai, ga kamazuru, igiyar linzami, da ake tufkawa, ga majayi, ɗamarar da ke ɗaure sirdi a jikin doki, wanda in ya tsinke a tsakiyar sukuwa sai dai a ce Allah ya kiyaye. Kowane gida kuma da launinsa. Wani gidan hakimin kore da fari suke sawa tun kakanni, wani ja da baƙi. Launin dokin ma yana da ta cewa: abin da ya haska a kan akawal, baƙin doki, in ka ɗora wa kili, fari, sai ya dushe. To kayan da aka yanka a kan awon dokinka, da launin gidanku, wa zan kai wa in ka ce ka fasa?

A wurin mahaifina na koyi wannan. Farkon abin da ya ba ni ba allura ba ce, tsintsiya ce, sai murza zare da kakin zuma, sai riƙe masa fata yana yanka. Na daɗe kafin ya yarda in taɓa aska. Ranar da ya fara ba ni ɗinkin majayi, da na gama sai ya ɗaura shi a jikin turke ya kira wani ƙato cikin masu yi mana yankan ciyawa ya ce ya ja da ƙarfinsa. Haka yake gwada na kowa, har nasa. Shi ne kuma yake juya jalala ya duba bayanta kafin gabanta, domin a baya ake ganin inda mai ɗinki ya yi ha'inci. Lifidi ma, rigar kariyar doki, na gani a hannunsa, ana cusa audugar rimi layi-layi, aikin da yanzu masu iya shi ba su da yawa. Ya yi zamanin Sarki Ado Bayero kusan gaba ɗayansa yana wannan aiki, kuma har ya bar duniya bai taɓa rubuta yarjejeniya da kowa ba. Baki ne kawai da shaida. Mu kam yanzu sai da takarda.

Abin da ya kawo takardar har da masu kwaikwayo. Kasuwa ta cika da kayan roba da aka yi wa fenti kamar fata, da jalalar inji mai ƙyalli wadda ake bugawa da yawa a rana guda. Daga nesa tana ɗaukar ido, ban musa ba, a hoton waya ma har ta fi tamu walƙiya. Rana ɗaya ta Hawan Idi, gumin doki ya ratsa ta, sai ka ga ta fara ɓarewa. Araha ba ta ado. Masu sayar da irin wannan ba sa jin komai in an dawo musu da kaya, su mayar kan rataye, gobe wani ya saya, tunda ba a kan awon dokin kowa aka yi ba. Sai mai saye ya ɗauka haka kowa yake, ya zo mini da wannan lissafin.

A sokewar 2024 wani matashi ya zo, aikinsa ya kai rabi, an riga an yanka karan-miskin an fara zare. Ko zama bai yi ba ya ce, "Baba, tunda ba hawa, a ba ni kafin alƙalamina." Na ce, "Samari, zauna tukuna ka sha ruwa." Na sa yara suka ɗauko aikin na shimfiɗa masa. Na nuna masa inda kuɗinsa suka shiga: ga yadin, ga fatar, ga likkafar da maƙeri ya riga ya ƙera. Ya ce ai a wani shago an mayar wa abokinsa nasa nan take. Na tambaye shi ko abokin nasa awo aka yi wa dokinsa. Ya yi shiru. Shi ne mutumin da ranar ciniki ya yi ta tayi har sai da na ce albarka sau ba adadi, yana kawo mini farashin kayan roba. Daga ƙarshe ya yarda a ƙarasa. Kayan suna jikin dokinsa yanzu, ya fita da su kilisar bikin ƙaninsa.

Kada a ce muna cin kuɗin mutane. Malamanmu na Malikiyya ba su yarda mai kaya ya riƙe kafin alƙalami haka kawai don ciniki ya mutu ba, kuma a kan haka muke. In ka ba da kuɗi ban sayi komai ba, ban yanka komai ba, kuɗinka na nan yadda ka kawo su. In na sayi kaya ban yanka ba, zaɓi naka ne: ka ɗauki kayan da ragowar kuɗin, ko in riƙe kayan in ba ka kuɗinka. In aska ta riga ta shiga, sai a ƙarasa, ka cika lokacin da ka samu hali, mu ajiye maka a inda asu da ɗanshi ba za su taɓa ba. Wanda ya matsu ƙwarai, nakan nema masa mai saye cikin masu doki irin nasa, abin da aka sayar nasa ne. Sirdi mai kyau ba ya lalacewa don ya jira wata Sallah.

Sai kuma a bambanta sokewa da fasawa. Hukuma ta hana hawa, wannan ba laifin kowa ba ne. Amma mutum ya kama doki tun farkon azumi, na mayar da wasu saboda shi, ranar jajibere ya bugo waya wai ya samu na aro a wurin kawunsa, wannan sai mun zauna. In na samu wanda ya maye gurbinsa, ya karɓi kuɗinsa duka. In ban samu ba, ya san doki ya kwana a turke saboda shi. Ɗagewa ma ba sokewa ba ce: in an matsar da rana, dokinka na jiranka a sabuwar ranar.

Wasu da aka hana a Kano sukan ce a bar musu hayar su tafi da dokin Zariya, ko Katsina, ko Kazaure, inda ake hawa. Ina yarda, da sharaɗin yaron bargarmu ya bi dokin, kuma kuɗin mota a kan mai haya. Doki ba ya son baƙon hannu, balle bayan ya sha jijjiga a bayan mota.

Mai son aiki don Sallah mai zuwa ya zo da wuri, ya zo da dokin ko ya kai ni inda yake in auna. Za mu rubuta launi, da ranar karɓa, da abin da zai faru in an soke hawa, kowa ya sa hannu a gaban shaida. Wanda kuma yake da tsohon sirdin gado da ke buƙatar sabuwar fata, ya kawo shi bayan Babbar Sallah, lokacin da hannu ya yi sauƙi.