Dalilin da Ya Sa Furen Protea Ba Ya Zama a Lambunan Kumasi

A wasu manyan bukukuwan aure a nan Kumasi, akan ga wani ƙaton fure mai kaurin ganye a tsakiyar kayan ado, faɗinsa kamar ƙaramar ƙwarya, kuma ba a rasa wata hajiya da za ta ce a samo mata irinsa ta dasa a gida. Sunansa protea, kuma wanda ake yi wa laƙabi da sarki, Protea cynaroides, shi ne furen ƙasa na Afirka ta Kudu tun shekarar 1976. Faɗin kansa yakan kai santimita 30.

Shawarata ga mai wannan niyya ita ce ya haƙura, domin duk abin da muka saba yi wa shuka don ta ji daɗi shi ne yake kashe wannan. Asalinsa duwatsun yankin Cape ne a Afirka ta Kudu, inda ƙasa take da yashi da tsami, ba ta da abinci sosai, ruwan sama yana sauka a lokacin sanyi, rani kuma ya zo da iska da bushewa. Saboda haka ya fitar da wasu saiwoyi ƙanana masu cunkushewa wuri guda, waɗanda suke tsotso ɗan sinadarin fosfaras, wani abincin shuka, da ke cikin ƙasa. Idan aka zuba masa takin zamani ko kashin kaji, sai ya sha fiye da ƙima, ganyensa ya ƙone, ya mutu. Damshin Kumasi, mai damina biyu a shekara, shi kuma yana jawo ruɓewar saiwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne alaƙarsa da gobarar daji. Wasu nau'o'in sukan riƙe 'ya'yansu a cikin busasshen kan furen shekara da shekaru, ba su saki ba sai wuta ta wuce, sannan su zuba a kan toka inda babu wata ciyawa da za ta tare musu rana. Shi sarkin kuwa yana da kututture mai kauri a ƙarƙashin ƙasa, daga nan yake sake tohowa. Wanda ya taɓa ganin dajin arewa bayan ƙunar hunturu ba zai yi mamakin wannan ba.

Muna ma da namu a Afirka ta Yamma, Protea madiensis, mai farin fure, wanda yake fitowa da kansa a dazuzzukan ciyawa da kan tuddai a Ghana da arewacin Najeriya, ko da yake masu ado ba su waiwaye shi ba.