Wasa Muƙamuƙan Cok Ba Tare Da Giranda Ta Musamman Ba

Cok mai muƙamuƙai uku, wato kan da ke riƙe ƙarfe a injin sassaƙar ƙarfe, yakan fara cinyewa ne daga baki, domin yawancin ayyuka gajeru ne kuma a bakin ake damƙe su. Idan abin ya yi nisa, sai muƙamuƙan su riƙe sanda ta ciki kawai, bakin ya saki, sandar ta riƙa rawa ko da an ɗaure ta tamau. Kafin a ɗora wa muƙamuƙai laifi, ya kamata a kwance cok ɗin, a wanke faifan nan mai murɗaɗɗen tsagi da ke tura su, a tabbatar kowanne ya koma gurbinsa bisa lambarsa, sannan a sake gwadawa da agogon awo, wato ma'auni mai allura da ke nuna yawan rawar sanda, domin sau da yawa ɗan ɓarɓashin ƙarfe ne ya maƙale.

Wanda ba shi da giranda ta musamman yana iya ɗaure ƙaramar giranda ta hannu, irin Dremel, a mariƙin wuƙar da injin ke yanka ƙarfe da ita, da ɗan dutsen wasi daidai tsayin tsakiyar cok ɗin. Tana aiki, amma boris ɗinta ba shi da ƙarfi, kuma sandar dutsen, wadda kaurinta bai wuce milimita 3.2 ba, tana lanƙwasa, don haka sai da haƙuri.

A ganina, ba a girandar ake yawan faɗuwa ba, a wajen ɗaure muƙamuƙan ne. Kowane muƙamuƙi yana da ɗan sako-sako a cikin hanyarsa, kuma idan ya damƙi ƙarfe bakinsa yakan ɗan karkata waje. Saboda haka dole ne a wasa shi yana cikin wannan hali na matsi. Masu sanya zobe a waje su buɗe muƙamuƙan a jikinsa suna karkatar da su ne zuwa ɗaya ɓangaren, sai aikin ya fito sumul a ido amma rawar tana nan. Dabarar da ta fi inganci ita ce a huda ƙaramin rami a goshin kowane muƙamuƙi, a dasa gajerun ƙusoshi, a matse zobe a tsakaninsu, dutsen ya wuce ta cikin zoben. Idan taurin ƙarfen ya hana hudawa, ana iya cusa guntayen ƙarfe uku masu faɗi ɗaya tsakanin gefunan muƙamuƙan a ɗaure a kansu.

Sauran aikin na natsuwa ne. A rufe gadon injin da jiƙaƙƙiyar takarda, ba tsumma ba wanda cok zai iya fizga, domin ƙurar dutse tana cin gado. A shafa tawada a fuskokin da za a wasa, cok ya riƙa juyawa a hankali, a riƙa ci kimanin milimita 0.01 a kowane wucewa. Idan aka karkatar da ƙaramin silalen sama, wato sashen da mariƙin wuƙa ke zaune a kai, digiri 5.7 daga layin gadon, kowane matsawa na milimita 0.1 zai shigar da dutsen milimita 0.01 kacal. Da zarar tawadar ta goge a dukkan ukun, sai a ci gaba da wucewa ba ƙari har tartsatsi ya ɗauke.

Wasawa ba ta gyara cinyayyen faifai. Idan tsaginsa ya ci, cok zai yi daidai ne kawai a kusa da faɗin da aka wasa shi, shi ya sa ya fi kyau a zaɓi faɗin da aka fi aiki da shi, a kuma yi wa ramin makullin da aka ɗaure da shi alama, a riƙa ɗaurewa ta nan kullum.