Masu ɗaga hannu da masu sunkuyar da kai

Tun da na fara riƙe alli lissafi da kimiyya nake koyarwa, mafi yawa ga yaran ƙaramar sakandare, kuma ban taɓa shiga ajin da zan ce 'yan cikinsa iri ɗaya ba ne. A benci guda za ka sami yaron da ya karance littafin tun kafin a shiga zangon, kusa da shi kuma wanda har yanzu sai ya bi haruffa da yatsa. Akwai wadda harshen da ake koyarwa da shi ba shi ake yi a gidansu ba. Akwai mai in'ina, akwai wanda ba ya ganin allo sosai amma bai san sauran sun fi shi gani ba, akwai wadda ta yi dogon fashi ta dawo ta tarar an yi mata nisa. Manhaja kuwa ɗaya ce, jarrabawa ɗaya, ƙararrawa ma lokaci ɗaya take kaɗa wa kowa.

Idan aka ce malami ya iya jan hankalin ɗalibai, abin da mutane suka fi kawowa a rai shi ne barkwanci, wasanni, da aji mai tashin dariya. Ina yin barkwanci, kuma ba na raina shi. Amma na sha ganin darasin da aka tashi kowa yana murna, washegari ka tambaya ka ga babu abin da ya zauna a kai sai dariyar. Ma'aunin da na koma amfani da shi daban ne: a wannan lokacin da nake tsaye, kawuna nawa ne ke juya tambayar da ke kan allo? In biyar ne cikin aji guda, to waɗannan biyar ɗin nake koyarwa, sauran 'yan kallo ne, komai daɗin darasin.

Babban abin da ke mai da yara 'yan kallo shi ne ɗaga hannu. Malami ya yi tambaya, hannuwan da aka saba gani su tashi, ya zaɓi ɗaya, amsa ta fito daidai, ya ce madalla, a wuce. Shi yana ganin aji ya gane, alhali mutum ɗaya kawai ya ji. Wata masaniyar koyar da kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta naɗi muryoyin malamai a azuzuwa masu yawa, kuma a 1972 ta bayyana cewa galibi malami daƙiƙa ɗaya kacal yake jira bayan ya yi tambaya, sai ya maimaita, ko ya koma kan wani yaron, ko ya amsa da kansa. Da aka horar da malamai su riƙa jira daƙiƙa 3 ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, masu cewa ba su sani ba suka ragu, yaran da ake ɗauka marasa ƙoƙari suka fara magana. Daƙiƙa 3 a faɗe ba komai ba ne. Ka tsaya gaban aji ka gwada, za ka ji kamar shirun zai danne ka. Ni ƙirgawa nake yi a zuci, hannuna a baya.

Jira kaɗai bai isa ba, domin mai saurin kai zai yi ta kaɗa hannu har ya karya wa na kusa da shi gwiwa. Don haka a ajina ba a ɗaga hannu don ba da amsa, sai don yin tambaya. Kowa yana da ƙaramin allo ko farar takarda a gabansa. In na yi tambaya kowa ya rubuta, in na ce a ɗaga a ɗaga gaba ɗaya. Cikin ƙiftawar ido nake ganin abin da ke kan kowane yaro.

Nan ne na fi jin daɗin aikin, saboda amsar da ba daidai ba ta fi mai daidai ba ni labari. Ka rubuta 1/2 + 1/3 a allo, za ka ga alluna da yawa sun tashi da 2/5. Wannan ba shirme ba ne, yaron ya yi tunani: ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, kamar yadda ya saba da lambobi tun yana ƙarami. In na ja masa jan biro na rubuta 5/6 a gefe, ya kwafa, gobe ya sake yin 2/5. Abin da nake yi shi ne in bar amsar a allo in tambayi aji: wanda yake da rabin abu, aka ƙara masa sulusi, zai tashi da fiye da rabi ko ƙasa da rabi? Kowa ya ce fiye. To 2/5 fa, ya kai rabi? Sai a ninke takarda gida biyar, a shafa biyu da fensir, a ɗora kan wata da aka ninke biyu. Wata rana wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗago kai ta ce, "Malam, ashe ƙari muka yi abin ya ragu." Na ce mata, "To 'yata, faɗa wa sauran dalili." Ta yi ta lalube, ta ce yankan ba girmansu ɗaya ba, ba za a ƙirga su tare ba sai an daidaita su. Bayaninta bai kai na littafi tsari ba, amma rabin ajin da nata suka gane. Sai bayan haka na kawo maganar gida shida.

Wannan ɗabi'a ta bincika abin da aka gane ana cikin darasi, ba sai ranar jarrabawa ba, tana da hujja mai ƙarfi. A 1998 masana ilimi Paul Black da Dylan Wiliam na Birtaniya sun tattara bincike kusan 250 a kanta, suka nuna tana ɗaga ƙoƙarin ɗalibai, kuma waɗanda ke baya su suka fi cin moriyarta. Ban yi mamaki ba. Yaro mai ƙoƙari ko an bar shi zai gano inda ya karkace. Wanda ke baya shi ne zai yi wata uku yana gini a kan karkataccen tushe ba wanda ya lura.

Aikin rukuni kuwa ina da ja a kansa. Yadda aka fi yin sa, a tara yara biyar a ba su takarda ɗaya, mai ƙoƙarin cikinsu ya yi aikin, huɗu su sa suna. Tsarin da ya yi mini amfani shi ne wanda wani masanin halayyar ɗan Adam, Elliot Aronson, ya ƙirƙiro a 1971 a birnin Austin na jihar Texas. A lokacin an haɗa yara baƙaƙe da farare da 'yan asalin Meziko a makarantu ɗaya bayan shekaru ana raba su, kuma gaba ta yi tsanani har ana faɗa. Aronson ya lura cewa ajin kansa filin gasa ne, kowa na neman ya burge malami, faɗuwar wani ribar wani. Sai ya raba darasi gida-gida, ya ba kowane yaro a rukuni yanki ɗaya wanda ba kowa ke da shi ba sai shi. Masu yanki iri ɗaya daga rukunoni daban-daban su fara haɗuwa su fahimce shi, sannan kowa ya koma ya koya wa 'yan rukuninsa, a ƙarshe a yi wa kowa gwaji a kan darasin duka. Wanda ya yi wa ɗan'uwansa dariya maimakon ya saurare shi, kansa ya cuta.

Da wannan nake koyar da narkewar abinci a jiki: wannan ya ɗauki baki, wannan tumbi, wannan ƙananan hanji, wannan hanta da matsarmama. Abin da nake so a ciki shi ne yadda mai saurin kai yake koyon haƙuri. Ba zai iya ƙwace aikin ba, dole ya iya tambaya a hankali har ya zaƙulo abin da ke bakin wanda ke in'ina ko wadda ke neman kalma. Amma tsarin yana cin lokaci, yana da hayaniya, kuma in ka ba yaron da karatu ke ba wahala yankinsa ba ka zauna da shi tun farko ba, ka kai shi ne a kunyata shi gaban abokansa. Irin waɗannan nakan ba su nasu yankin tun ana gobe, mu bi shi tare bayan an tashi. Ba kowane darasi nake yi haka ba, sai wanda dama yake rabuwa gida-gida.

Batun harshe ya fi kowanne ruɗar malamai, domin yaron da bai iya harshen aji ba da wanda bai gane darasi ba kamanninsu ɗaya: dukansu shiru suke yi. Tun 1953 hukumar UNESCO ta ba da shawarar a fara koyar da yaro da harshen uwa, amma malami ba shi ke zaɓar harshen manhaja ba. Abin da ke hannuna shi ne in zaunar da irin wannan yaron kusa da wanda suke jin harshe ɗaya, in bar su su tattauna da harshen da suke tunani da shi, sannan su rubuta da na jarrabawa. Wasu abokan aiki suna ganin wannan sakaci ne, wai zai hana yaro koyon harshen makaranta. Ni abin da na gani, wanda ya riga ya gane yadda ruwa ke zama tururi sabbin kalmomi kawai suka rage masa, kuma kalma tana saurin zama idan ta sami abin da za ta rataya a kai.

Yara masu larura ma suna cikin ajin, ko an shirya musu ko ba a shirya ba. A 1994 wakilan gwamnatoci 92 sun taru a Salamanca ta ƙasar Sifen suka amince cewa makarantun kowa da kowa su karɓi yara masu buƙata ta musamman. Sanarwa tana da daɗin karantawa, amma a cikin aji ƙananan abubuwa ne ke yin aikin. Duk abin da na rubuta a allo ina faɗarsa da baki. Ba na magana ina fuskantar allo, saboda akwai mai karanta leɓe. Mai in'ina ba na ƙarasa masa kalma, kuma nakan raɗa masa tun farkon darasi tambayar da zan yi masa, ya sami lokacin shirya bakinsa. Akwai wani uba da ya zo a fusace da sakamakon ɗansa ya ce, "Malam, yaron nan ba shi da kai, ku dai ku riƙe shi." Na ce, "Baba, in na yi masa tambaya da baki yana amsawa, sai abin da aka kwafa daga allo ne ke fita a hargitse. A duba masa ido." Aka duba, aka ba shi tabarau. Bai zama na ɗaya ba, amma ya bar ƙarshen aji, kuma ya daina ɓoye littafinsa.

Akwai wata magana da ake yawan yi a tarukan horar da malamai, wai kowane yaro yana da nasa salon koyo, wannan ta ido, wannan ta kunne, wannan ta taɓawa, kuma a koyar da kowa ta salonsa. A 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa sun bi diddigin binciken da aka yi a kai, ba su sami gamsasshiyar hujja ba. Ni ma ba na raba yara haka. Darasin ne ke faɗin yadda za a koyar da shi: taswira sai an gani, furuci sai an ji, awo sai an riƙe ma'auni. Kuma laƙaba wa yaro suna yana da haɗari. Tun gwajin da Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka wallafa a 1968, inda aka gaya wa malamai cewa wasu yara za su bunƙasa alhali haka kawai aka zaɓo su ba tare da wani ma'auni ba, ake tattauna yadda zaton malami ke bin yaro. Masana sun yi gardama kan girman tasirin, amma ni na san yaro yana gane malamin da ya fid da rai da shi, ta irin tambayar da ake yi masa da wadda ba a taɓa yi masa ba.

Masu saurin kai su ma hakki ne a wuyana, kuma ƙara musu tambayoyi ashirin irin waɗanda suka riga suka iya horo ne, ba lada ba. Nakan ce su ƙirƙiro tambayar da za ta kama wanda bai gane ba, ko su nemo hanya ta biyu zuwa amsa ɗaya, ko su bayyana dalilin da ya sa wata hanyar da ba daidai ba take jan mutane.

Kowane darasi ina buɗe shi da gajerun tambayoyi daga na jiya, na makon jiya da na watan jiya, littafi a rufe, babu maki. Tun 1885 wani masani, Hermann Ebbinghaus, ya nuna yadda mantuwa ke cin sabon abu da sauri a kwanakin farko. Ƙoƙarin tuno abu da ka kuwa ya fi sake karanta shi kafa shi a ƙwaƙwalwa. Yaran da suka yi fashi nan suke cike giɓinsu ba tare da an nuna su da yatsa ba.

A cikin rajistata kuma akwai wani shafi da ba na hukuma ba. Sunayen 'yan aji ne a jere, duk wanda na yi magana da shi a kan aikinsa, shi kaɗai, ko da na minti ɗaya ne, sai in ɗiga masa alama. Masu surutu da masu rigima layinsu cika yake da wuri. Waɗanda nake nema su ne masu zuwa kullum, su zauna a tsakiya, su kwafi rubutu tsaf, ba sa damun kowa. In mako ya ƙare na ga layin wani fayau, da shi nake fara mako mai zuwa.