Yaran Kotun Abuja

Har yau ban manta da ranar 1 ga Nuwamba 2024 ba. Ina teburin mai shayi aka miƙo min waya, sai ga yara a babbar kotun tarayya ta Abuja, duk sun rame sai ƙashin wuya, wasu sun zube ƙasa don yunwa. An kamo su ne tun zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, wai sun ci amanar ƙasa. Belin kowanne naira miliyan 10! Shayin nan ban shanye shi ba.

Wani dattijo da ke gefena ya girgiza kai, ya ce ai tsohon zance ne. Tun 1909 Turawa suka kafa dokar hana tunzura jama'a, da irinta aka ɗaure Raji Abdallah, ɗan gwagwarmayar neman 'yancin kai, saboda ya buɗe baki. A 1983 kotun ɗaukaka ƙara, a shari'ar marubuci Arthur Nwankwo, ta ce dokar ta saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Amma ga mu nan.

Sai da duniya ta yi caa kafin Tinubu ya ce a saki yaran. Dattijon ya biya kuɗin shayina, ya tafi bai ko yi sallama ba.