Yadda surar imatinib ta shiga har kotu

Kwanan nan na koma karanta labarin imatinib, maganin nan da ake sayarwa da sunan Glivec, kuma gaskiya har yanzu abin yana raina. Ba daga ganye ko saiwa aka tatso shi ba, a dakin gwaji aka harhada shi a kamfanin Ciba-Geigy na Suwizalan wanda daga baya ya koma Novartis, an yi shi ne don wata irin sankarar jini da ake kira CML.

Ita wannan cuta tushenta a kromosom yake, wato kunshin kwayoyin gado da ke cikin kwayar halitta, na 9 da na 22 sai su yi musayar guntu, daga nan sai jiki ya rika kera wani furotin mai suna BCR-ABL da ba ya hutawa, kullum yana ingiza kwayoyin jini su yi ta hayayyafa ba kakkautawa. To a shekarar 2000 dakin binciken masanin kimiyya John Kuriyan a Amurka suka daskarar da sashen ABL na furotin din hade da wani dan uwan maganin ya zama kristal, suka haska masa eksire, sai ga shi karara: maganin yana kama furotin ne daidai lokacin da yake kwance a rufe, ya cusa kansa cikin lungu ya hana shi tashi. Ni nan ne wurin da ya fi burge ni wallahi, ka ga atam daya bayan daya, kowanne da inda ya dafe. Da cutar ta sauya amino asid daya tak (wato daya daga cikin tubalan ginin furotin) a wannan lungu, sauyin da ake kira T315I, maganin ya daina kamawa, sai da aka kera wani sabon magani mai suna ponatinib aka amince da shi a 2012.

Amurka ta amince da imatinib a 2001, tsadarsa kuwa ba a magana. Novartis suka nemi hakkin mallaka a Indiya kan wata siffar kristal na gishirin maganin da ake kira beta, wai ya fi dadewa bai lalace ba. Ranar 1 ga Afrilu 2013 Kotun Kolin Indiya ta ce a'a, sauya tsarin kristal kadai bai nuna ya kara warkarwa ba. Ni ina tare da kotun dari bisa dari, saboda hukuncin nan ne ya bar kamfanonin Indiya suka ci gaba da yin mai araha, kuma mara lafiyar da zai sha kwayar nan kullum tsawon shekaru ba zai iya jiran farashin Suwizalan ya sauko ba.